GAIWA DA GULBIN MARAƊI: TARIHIN KIFIN DA KE KWANA CIKIN LAKA

Tarihin sarakuna da yaƙoƙi an sha faɗinsa, kuma akwai masu riƙe da shi. Wanga karo muna so mu ɗauko tarihin gulbinmu ta wajen wani kifi da kowa ya sani amma ba a cika kula da shi ba, wato gaiwa, wadda wasu wurare ke ce ma mai mama. Duk wanda ya tashi bakin fadama ya taɓa ganin an gino ta da rani cikin busasshiyar laka, naɗe kamar gammo. Dalilin da ya sa munka zaɓe ta shi ne, rayuwarta duka ta rataya ga abu biyu, cikar gulbi da lakar fadama. Wanda ya bi labarin gaiwa, to, ya bi labarin abin da ya samu waɗannan biyun.

HANYAR GULBI

Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina ya taso, cikin Najeriya, inda ake kiransa kogin Gada. Ya biyo ta Jibiya, ya shigo Nijar wajen Nyelwa, ya wuce kusa da Madarumfa, ya bi ta Jiratawa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, kana ya karkata ya koma Najeriya ta wajen Sululu. Tsawonsa cikin ƙasarmu ya wuce kilomita 100. Can gaba ya haɗu da gulbin Rima, ruwan ya ratsa ta Sakkwato da Argungu har ya faɗa Kwara. Ba ya gudu shekara duka. Da damana yake kawowa, wajen watan Yuni ko Yuli, ya yanke wajen Oktoba. Sauran watanni sai rairai da 'yan gurabun ruwa nan da can.

Kifin wanga gulbi gida uku gare shi. Na farko tabkin Madarumfa, wanda gulbin Gabi ke zuba ma ruwa, gulbin Maraɗi kuma ya ƙara mashi in ya cika. Nan ne karfasa da sauran kifin da ba su jure rashin ruwa ke wuce rani. Na biyu cikin gulbin kansa, wanda shi ne hanyar da kifi ke bi ya hau ya sauka in ruwa ya kawo. Na uku su ne tabkuna ƙanana da kududdufai na fadama, waɗanda ba su samun ruwa sosai sai gulbi ya tumbatsa ya malala. Cikinsu ne haki ke tsirowa, ƙwari su yi yawa, kifi ya zuba ƙwai, 'ya'yansa su sami abinci da maɓoya. Tarwaɗa tana da ƙarfin hali, tana shaƙar iska, har takan ja ciki bisa damshi ta sake wuri, amma in laka ta bushe ƙayau sai ta mutu. Gaiwa ce kaɗai ke zama inda take, ruwa ya ƙafe a kanta, ta jira wata damana.

HALIN GAIWA

Gaiwa doguwa ce mai santsi. Babbarta takan kai mita ɗaya, amma waɗanda anka fi samu cikin ƙananan tabkuna ba su kai haka ba. A madadin fukafukan kifi tana da wasu zaruruwa huɗu, biyu gaba biyu baya. Abin da ya raba ta da sauran kifaye shi ne huhu gare ta. Dole ta riƙa tasowa bisa ruwa tana haɗiyar iska, kuma in ta maƙale cikin taru ƙarƙashin ruwa ta kasa tasowa, sai ta nutse ta mutu kamar ɗan akuya. Tana cin katantanwa da kwaɗi da ƙwari da ƙananan kifaye, har da 'ya'yan haki, kuma tana da cizo. Masunta sun san ba a sa mata yatsa a baki.

In kaka ta yi, ruwa ya fara ja da baya, sai ta haƙa rami cikin laka da bakinta, zurfin da bai cika wuce kamu ɗaya ba. Ta naɗe jiki, wutsiya ta rufe kai, baki yana duban sama. Jikinta ya fid da yauƙi mai yawa, yauƙin ya bushe ya zama kamar jaka ta lulluɓe ta duka, sai 'yar kafa ɗaya daidai baki. Ta wannan kafa da ramin da ta shigo iska ke kai mata. Daga nan ba ci ba sha. Bugun zuciyarta ya ragu, numfashi ya yi nisa da juna, ta riƙa rayuwa da naman jikinta kaɗan kaɗan. Ashe da magabata sunka ce gaiwa jikinta take ci, gaskiya sunka faɗi, sai dai ba da haƙori take ci ba. Haka take yin wata 7 ko 8 kowace shekara. Masana da sunka ajiye ta cikin busasshiyar laka sun ga ta wuce shekara 3 da ranta. Shi ya sa ake ba da labarin maginin da ya yi tubali da lakar tabki, ruwan farko ya jiƙa bango, gaiwa ta fito.

Haihuwarta ma da ruwan farko take. In tabki ya cika, sai a gina gurbi cikin laka tsakanin haki, inda ruwa ba zurfi. Macen ta zuba ƙwai ta yi tafiyarta. Namijin ne ke zama gadi, yana kaɗa wutsiya don ruwa ya riƙa motsi bisa ƙwan, yana korar duk abin da ya matso. Bayan kamar kwana 8 su ƙyanƙyashe, da wasu 'yan geza a gefen kai irin na 'ya'yan kwaɗo, kuma uban ba ya barin su sai sun yi 'yan makonni. To, a nan maganar take. Waɗannan 'yan ƙanana dole ne su sami ruwa mai daɗewa, su ci su yi ƙwari, kafin tabki ya ƙafe. In ruwa ya janye da wuri, ba su da jikin da za su ci har wata damana.

Turawa sun daɗe suna mamakin wanga kifi. A 1839 wani masani na Ingila, Richard Owen, ya yi bayaninta daga wadda anka kawo mashi daga kogin Gambiya, kuma an yi ta gardama ko kifi ce ko dangin kwaɗo. Wajen 1900 wani kuma, John Budgett, ya je Gambiya ya binciki gurbinta da yadda namiji ke gadi. Yau an san kifaye masu huhu iri 6 ne sunka rage duniya: 4 a Afirka, 1 a Amurka ta Kudu, 1 a Ostareliya, kuma danginsu sun kai shekara miliyan 400 a doron ƙasa. Irin tamu ta bazu daga Senegal har Cadi, ba ta cikin waɗanda ake tsoron su ƙare daga duniya. Amma kifi yana iya kasancewa Cadi ya ɓace daga fadamar garinku.

ZAMANIN KURMI DA SARKIN RUWA

Kafin zuwan sarakuna, mutanen da ke zaune kwarin gulbi kowace zuri'a da gadonta: wasu noma, wasu farauta, wasu ƙira, wasu su. Wani Bafaranshe mai suna Guy Nicolas ya zauna ƙasar Maraɗi ya rubuta littafi a 1975 kan wanga tsari na gado. Bayan da Birnin Katsina ya faɗi hannun masu jihadi a 1807, Katsinawa sunka yiwo arewa, Ɗan Kasawa ya kafa sarauta a Maraɗi. Gobirawa kuma sunka kafa Tsibiri wajen 1836, zamanin Mayaƙi. Ba banza sunka zaɓi bakin gulbi ba. A lokacin kwarin kurmi ne mai duhu, doki ba ya ratsa shi da sauƙi, ga ruwa kusa, ga ƙasa mai albarka.

Wannan kurmi da ya tsare mutane daga mahara, shi ne ya tsare gidan kifi. Saiwar itace ta riƙe gaɓa. Ruwan da ke gangarowa daga tudu sai ya ratsa haki da ganye, ya iso fadama a hankali, ya ajiye laka mai laushi. Kowace shekara gulbi ya malala ya sabunta ta.

Game da su kuwa, al'adar ƙasar Hausa sananniya ce. Ruwa yana da mai shi, wato sarkin ruwa. Shi ke cewa an rufe tabki, shi ke sa ranar buɗewa, kuma ranar ce jama'a ke faɗawa gaba ɗaya da homa da gora. Wanda ya saci su kafin ranar, ya san abin da zai gamu da shi wajen manya. Kayan aikin ma sun taimaka: homa da ƙugiya da gura ba su share ruwa tas. Haƙar gaiwa aikin rani ne, a bi tsagin laka ana neman 'yar kafar numfashinta, kuma komi ƙwarewar mai nema wasu na kuɓuce mashi. Har yanzu ana ganin sauran wagga al'ada a Argungu, can ƙasan ruwanmu, inda ake hana su a Matan Fada sai ranar buki. Mutanen da ba su karanta littafin kifi ba, amma rufewar da suke yi ta faɗa daidai lokacin da kifi ke haihuwa da girma.

IYAKA, AMBALIYA DA GUJIYA

Da Turawa sunka zo, Faransa da Ingila sunka raba ƙasa. Tsakanin 1906 da 1908 anka bi anka kafa alamun iyaka. Tun ran nan kan gulbi ya zama na wata ƙasa, tsakiyarsa tamu, wutsiyarsa kuma ta koma can. A lokacin ba wanda ya damu, don ruwa ba ya tsayawa kwastan. Sai bayan shekara 80 anka ga abin da wannan rabo ke nufi.

Ƙarfin gulbin da, shekarar 1945 ta isa shaida. Ruwa ya kawo ya ci tsohon birnin Maraɗi da ke cikin kwari, har dole anka tashi gari anka maida shi bisa tudu inda yake yanzu. Ga mutane masifa ce babba. Amma ta nuna iyakar inda ruwa ke iya kaiwa a wancan zamani, da yawan tabkunan da ke samun rabonsu.

Daga nan sai zamanin gujiya, wadda mutanen Kano ke ce ma gyaɗa. Haraji na son kuɗi, kanti na sayen gujiya, sai gonaki sunka yi ta hawa jigawa. Anka sare daji, hutun gona ya ragu. Jama'a kuma ta ƙaru. Birnin Maraɗi da ƙidayar 1977 ta samu da mutum wajen dubu 44, a ƙidayar 2012 ya kai dubu 267. Kowane gida na son iccen girki, da azara, da tubali. Tudun da anka tuɓe ma riga ba ya riƙe ruwa. Ruwan sama ya faɗo ya kwaso rairai, ya yanka ƙoramu, ya zubo cikin fadama da gulbi da tabkin Madarumfa.

FARI DA BARAJI

Farin 1973 da na 1984, wanda anka sa ma suna El Buhari, ba sai mun tuna ma dattijai ba. Dabbobi sun mutu, rumbuna sun bushe, da yawa cikin masu karanta wagga takarda a lokacin ne iyayensu sunka fara fita ci-rani. Fari irin wannan yana kashe karfasa da tarwaɗa duk inda ruwa ya ƙafe. Ita gaiwa an halicce ta da dabarar jira, kuma kakanninta sun ga farin da ya fi wannan. Muddin lakarta na nan, in ruwa ya dawo za ta fito.

Abin da ya biyo bayan fari shi ya fi taɓa ta. Gwamnatin Seyni Kountché ta ƙarfafa noman rani don kada yunwa ta sake samun mutane haka, kuma tun farkon shekarun 1980 anka buɗe filin ban ruwa na Jiratawa. Wannan ya ceci gidaje masu yawa, ba mai musun haka. Sai dai garka tana son wuri mai damshi, wuri mai damshi kuwa shi ne bakin tabki da cikinsa, inda gaiwa ke kwance. Hauya da garma sunka shiga ɗakin kwananta.

Sa'an nan a 1989 Najeriya ta gama ginin barajin Jibiya bisa kogin Gada. Bangonsa ya fi kilomita 3 da rabi, kuma an yi shi ya riƙe ruwa mita-kubik miliyan 142, don ban ruwa da sha. Mutanen Jibiya 'yan uwanmu ne, auratayya da kasuwa sun haɗa mu, su ma ƙishirwa ce ta sa su. Amma ruwan farkon damana da a da ke zarcewa wajenmu, yanzu sai ya tsaya cika baraji tukuna. Tun lokacin cikar gulbi ta ragu, malalarsa cikin fadama ta yi wuya. Ku tuna ruwan farko shi ne na haihuwar gaiwa. In ya makara ko ya taƙaita, 'ya'yan shekarar ne ke tafiya.

Hukumomi sun san da matsalar. Tun 1971 akwai hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya mai mazauni a Yamai. A ranar 18 ga Yuli 1990 ƙasashen biyu sunka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da sunka yi tarayya a kansa cikin adalci, kuma Gada da gulbin Maraɗi na cikin ruwaye huɗu da anka ambata da suna. Takarda tana nan. Ya kamata wakilanmu su san da ita, su riƙa tuna ta duk inda anka zauna maganar ruwa.

Wani zai ce, ai a 2020 da 2024 ruwa ya yi ɓarna a jihar Maraɗi, ina maganar ƙarancin ruwa? Amsa ita ce ruwa iri biyu ne. Akwai mai zuwa a hankali ya kwanta wata uku cikin haki. Akwai mai zuwa da hauka dare ɗaya, ya rushe gidaje, ya juye rairai bisa laka, ya wuce. Na biyun ba ya raya kifi. Rairai ba ya riƙe rami, ba ya riƙe damshi, gaiwa ba ta iya gina ɗaki cikinsa.

ABIN DA KE HANNUN GARI

Ba duka ɓarnar ce ta fito daga nesa ba. Ramin tubali da ake haƙawa tsakiyar tabki da rani yana tone gaiwa babba da ƙarama. Sange da anka raba don sauro, in anka maida shi taru, yana kwashe har 'yan da ba su kai yatsa ba, waɗanda ko miya ba su yi. Kama namiji bisa gurbi kashe ɗaruruwa ne da hannu ɗaya, don ƙwan da ba mai gadi abincin kwaɗo da ƙwari ne. Maganin ƙwarin garka kuma, in anka wanke tulun feshi cikin tabki, kifi ne ke sha. A 1998 ƙasa ta yi dokar su wadda ta hana kashe kifi da guba ko abin fashewa, amma ma'aikacin ruwa da daji ba ya kwana bakin kowane tabki. Sarkin ruwa ne ke kwana can, shi kuwa a wurare da yawa an bar shi da suna kawai.

Akwai abin ƙarfafa zuciya. A watan Mayu 1984 a Maraɗi anka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada. Wajen wannan lokaci ne kuma manoman jihar sunka fara abin da ake kira sassabin zamani, wato barin tohon kututture ya girma cikin gona maimakon a ƙone shi. Daga nan dabarar ta bazu har anka ƙiyasta eka miliyoyi sun sake samun itace a jihohin Maraɗi da Damagaram. Duk gawo da kalgo da ya tsaya bisa tudu, rairai ne ya hana sauka fadama. Tabkin Madarumfa ma duniya ta san da shi. A 2006 anka sa shi, tare da dajinsa da kushewun waliyyai 99, cikin jerin wuraren da Nijar ke neman UNESCO ta amince da su, a 2019 kuma ya shiga jerin Ramsar na wuraren ruwa masu daraja. Amma ƙananan tabkunan fadama ba su cikin jerin kowa. Mutanen gari ne kaɗai sunka san sunayensu.

Saboda haka ga shawarwarin da muke ajewa gaban dattijai, su duba su gyara. Na ɗaya, kowane tabki a bar cibiyarsa, wurin da ruwa ke ƙafewa daga ƙarshe, kada a haƙa tubali ko a sa garma. Mai gari ya nuna ma magina wani wuri. Na biyu, a rufe su daga ruwan farko har hatsi ya fid da kai, a maida ma sarkin ruwa ikon rufewa da buɗewa, da sanin mai gari da ma'aikatan ruwa da daji. Na uku, sange ya koma bisa gado. Na huɗu, a dasa gamba da itace bakin ƙoramun da ke zubo rairai, tun daga kansu can tudu. Na biyar, samari masu karatu su zauna da tsofaffi su rubuta sunan kowane tabki, da irin kifin da ake samu cikinsa a da, da wanda ake samu yanzu, tun masu sani suna da rai.

Ku kuma 'yan uwa da ke Kano da Legas da Kwatano da Abijan, kuɗinku ne ke gina ɗakuna da sayen injin ban ruwa, Allah ya ƙara buɗi. In kun aiko a yi tubali, ku tambayi inda za a ɗebo ƙasar. Tambayarku tana da nauyi a gida fiye da yadda kuke zato.

Gaiwa ba ta kai bajimi kuɗi ba, amma nama ce ga gidan da ba shi da abin yanka, a tsakiyar rani lokacin da komi ya yi wuya. Kuma inda ta zauna, alama ce laka na nan, damshi na nan, rijiyar garka ba za ta yi nisa ba. Duk wanda ke da ƙarin bayani kan tabkunan yankinsa, ya aiko a haɗa. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya maido da matafiya gida lafiya. Amin.